Hukuncin Neman Dangin Mahaifin da Aka Tsinta Yana Yaro

Tambaya: Malam, an tsinci mahaifina yana jariri a Badarawa, Kaduna. Ya halatta in nemi danginsa?

Amsa: Ya halatta, domin hanya ce ta sada zumunta da sanin muharramai da magada. Ka fara da gidan da ya tashi, da mai unguwa, da dattawan da suka ga lamarin. Sai dai a mazhabar Malikiyya ba a danganta tsintacce ga kowa sai da shaidu ko dalili karɓaɓɓe. Jita-jita ba hujja ba ce, kuma ka kiyayi jifan wata baiwar Allah da zina bisa zato. In ba a gano su ba, aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sanya shi ɗan'uwanmu a addini, babu aibi a kansa. Allah ne mafi sani.