Teburi mai juyawa na injin milin

Teburi mai juyawa faifan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a kan injin milin, wato injin sassaƙar ƙarfe, domin a riƙa juya abin da ake sassaƙawa gwargwadon kusurwar da ake bukata. Da shi ake yanka da'ira, da huda ramuka a zagaye da tazara ɗaya, da fitar da haƙoran giya.

A ƙarƙashin faifan akwai giya wadda wata sanda mai zare ke turawa idan an murza mariƙi. A teburi mai lissafin 90:1, sai mariƙin ya zagaya sau 90 kafin faifan ya zagaya sau ɗaya, don haka kowane zagaye na mariƙi digiri 4 ne. A mai 72:1 kuwa, digiri 5 ne.

Saman faifan yana da tsagogi masu siffar harafin T, inda ake zura ƙusoshi masu noti a danne ƙarfen da maɗauri. Kafin a fara yanka, wajibi ne a daidaita tsakiyar teburin da tsakiyar sandar da ke juya wuƙar injin, domin kuskure kaɗan a nan yakan karkatar da da'irar gaba ɗaya. Ana girka teburin a kwance ko a tsaye. A injinan da kwamfuta ke sarrafawa, injin lantarki ne ke juya shi.