Tarihin Koyon Jita a Jihar Tawa

Jita kayan kiɗa ce mai tsirkiya shida wadda ta shigo Nijar daga waje, ta kuma yi saiwa a Agadas da arewacin jihar Tawa fiye da ko'ina a ƙasar. Kafin zuwanta, kiɗan tsirkiya a Adar da Ƙonni, har su Malbaza da Illela, yana hannun masu gurmi da garaya da molo da goge, kuma galibi gado ne: yaro yakan tashi yana bin ubansa gidajen biki har hannunsa ya faɗa. Cikin waɗannan makaɗa akwai Ɗan Gurmu, mai gogen Tawa, wanda aka sa wa gasar kiɗan zamani ta ƙasa sunansa. Jita kuwa ba ta bi hanyar gado ba, samari ne suka koya wa junansu.

Asalin salon jitar nan yana komawa ga farin shekarun 1970 da na 1984, wanda ya ƙare dabbobin Abzinawa, ya kori samarinsu ci-rani zuwa Aljeriya da Libiya. A can suka ji kiɗan Larabawa da rok na Turawa, suka ɗauki jita suka ɗora mata waƙoƙin kewar gida. Ƙungiyar Tinariwen ta Ibrahim Ag Alhabib, wadda ta faro a 1979, ita ce kan gaba. A Nijar, Abdallah Ag Oumbadougou ya riƙe wannan tuta. Bayan rikicin Abzinawa da sojojin gwamnati a Cintabaraden a watan Mayun 1990, waƙoƙinsa suka bazu a kaset, ana kwafa daga rikoda zuwa rikoda a ɓoye, domin kama mutum da irin wannan kaset na iya jawo masa ɗauri. Sai bayan yarjejeniyar sulhu tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Abzinawa ta 24 ga Afrilun 1995 jita ta fito fili a bukukuwan aure da suna.

Koyon na kunne ne da ido, babu littafi babu allo. Mai koyo yakan zauna gefen gwani yana kallon yatsunsa, ya fara da riƙe raki, wato bugun da ke ɗauke da waƙa, kafin a bar shi ya ja gaba. Babban yatsa yana bugun tsirkiya mai kauri a kan murya ɗaya, manuni yana fitar da karin waƙa a kan sirara, yatsun ɗaya hannun kuma suna danne tsirkiya da sakinta cikin sauri. Karin ya ginu ne kan sautuka biyar, kamar na molo da tahardant, molon Abzinawa. Kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka ma haka yake, shi ya sa masu koyo ba sa jin sa baƙo. Bombino, haifaffen yankin Agadas a 1980, ya koyi dabaru da yawa daga kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler.

Fitaccen misali a jihar Tawa shi ne Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Cintabaraden da Abalak. Ya ga wasan Abdallah yana yaro, sha'awa ta kama shi, alhali gidansu ba sa son kiɗa. Sai ya haɗa jitarsa da katako, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake bugawa. A 2008 ya je Sakkwato, wadda hanyar Tawa ke kaiwa gare ta ta Birnin Ƙonni, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo a memori da Bluetooth har Mali. A can Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji su, ya sa ɗaya a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Daga baya Mdou ya karkata sosai ga rok mai amo, kamar yadda ake ji a Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024.

Mata ma sun shiga. A al'ada, kiɗansu shi ne tende, turmin da ake rufe wa baki da fata ana kaɗawa da tafi. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, kusa da Abalak, ta koya wa kanta da jitar yayanta. Ita da Alamnou Akrouni suka kafa Les Filles de Illighadad, kundinsu na farko ya fito a 2016, suka kuma mayar da waƙoƙin tende kan jita.

A yau salula ta maye gurbin kaset. Mai koyo yakan sauke bidiyo daga YouTube ko a turo masa ta WhatsApp, ya yi ta maimaita shi har ya kama yadda yatsu ke tafiya. Akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Elhaji Taya a Yamai, amma akasarin masu jita a jihar Tawa a filin biki suke ƙwarewa, inda ake jona lasifika da janareta ana kiɗa har tsakar dare.