Waiwaye: Yadda Aka Koyi Auna Jini a Tiyatar Zuciya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin yankan layya a Paki ya san jini na ruɗin ido. Wanda ya malala a siminti sai ka rantse ya cika bokiti, wanda ƙasa ta shanye kuwa ba mai sa shi a lissafi. Likitocin tiyata ma sun daɗe suna kintace da ido, kuma idan jinin ya yi yawa, galibi kintacensu ƙasa yake faɗuwa.

A 1942 wani likitan Amurka, Owen Wangensteen, ya bayyana dabarar sikeli: a auna audugar goge jini tana busasshiya, a sake aunawa bayan ta jiƙe. Kowane giram da ya ƙaru, mililita ɗaya ke nan.

Tiyatar zuciya ce ta dagula wannan lissafi. A 1953 John Gibbon ya yi nasarar aiki da injin da ke riƙe wa zuciya da huhu aikinsu. A 1967 René Favaloro, ɗan Ajantina, ya ciro jijiya daga ƙafar majiyyaci ya yi wa jini hanyar ratse, ya kewaye inda jijiyar zuciya ta toshe. To, a irin wannan aiki jinin mutum, kusan lita 5, fita yake ya zaga bututu ya dawo. Ruwan da aka cika injin da shi yana tsinka jinin, ga heparin da aka bayar don kada ya yi gudaji. Jan da ke cikin kwalbar tsotso ma ba duka ne jini ba, har da ruwan gishirin wanke wurin aiki, dole a ɗebe shi daga jimilla. Shi ya sa ake ta ɗibar jini ana duba kaurinsa. Daga baya, a shekarun 1970, aka sami injin da ke wanke jinin da ya zuba ya mayar wa mai shi.

An ɗinke ƙirji ma ba a huta ba. Akan bar bututu yana ɗiga cikin kwalba mai zanen awo, nas tana rubutawa awa bayan awa. In jinin ya yi ta hawa, a koma ɗakin tiyata.

Najeriya ta fara tiyatar buɗe zuciya a Inugu cikin 1974, inda Magdi Yacoub ya yi aiki tare da Fabian Udekwu. Amma a ganina, mu nan a ɗakin haihuwa awon ya fi yi mana rana. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. A binciken, leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa. Jini ya kai mililita 500, a haɗa magunguna nan take. Mummunan zubar jini da abin da yake jawowa ya ragu da kashi 60 cikin 100.

Ranar da ka kai mai ɗakinka awo a Ikara ko Makarfi, ka tambayi ungozomar asibitin ko suna da ledar nan.