Yadda ake ƙona ƙwayoyin sankara da haske da ɓurɓushin zinariya

Babbar matsalar maganin sankara, wato ciwon daji, ita ce yadda magunguna masu ƙarfi da gashin da ake yi wa majinyaci ke lalata lafiyayyun ƙwayoyin jiki tare da masu cutar. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna neman hanyar da za ta auka wa ƙarin kaɗai. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce amfani da wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ba sa yin komai a jiki sai an haska musu haske.

Ana auna waɗannan ƙwayoyi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Waɗanda suka fi shahara su ne waɗanda Farfesa Naomi Halas ta ƙirƙiro a Jami'ar Rice da ke Houston a Amurka a shekarun 1990, ta kuma haɗa hannu da Jennifer West wajen gwada su a kan sankara. Kowace ƙwaya ɗan dunƙulen silika ce, sinadarin da ke cikin yashi, da aka lulluɓe da zinariya, faɗinta kimanin nanomita 150. Ɗaruruwansu za su jeru a faɗin silin gashi ɗaya.

Ana ɗura su ta jijiya. Jijiyoyin jinin da ƙari ke yi wa kansa sukan kasance da ƙananan kafofi, don haka ƙwayoyin kan zurara su taru a wurin. Washegari sai likita ya soka siririyar igiyar gilashi har cikin ƙarin, ya kunna hasken lesa na infared, wanda ido ba ya gani. Wannan haske yana ratsa nama ba tare da ya yi masa illa sosai ba, amma zinariyar tana zuƙe shi ta mayar da shi zafi, har ƙwayoyin sankarar da ke kewaye su ƙone.

A 2019 aka wallafa sakamakon wani gwaji da Dakta Ardeshir Rastinehad na asibitin Mount Sinai a New York ya jagoranta, kan maza 16 masu sankarar furostet, wata 'yar halitta da ke ƙasan mafitsarar namiji. Cikin 15 da suka kammala maganin, 13 ba a ga alamar cutar a wurin da aka ƙona ba bayan shekara guda. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai mutum 16 sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu.

Akwai kuma hanya ta biyu, inda haske ke sa sinadari ya fitar da wani nau'in iskar oksijin mai kashe ƙwayoyi. Kanada ta amince da maganin Photofrin mai irin wannan aiki tun 1993, amma yana tilasta wa majinyaci guje wa rana na kimanin wata guda. Masu bincike na ƙoƙarin ɗora irin wannan magani a kan mitsi-mitsin ƙwayoyin domin ya tafi inda ake buƙata.

Cikas ɗin bai ƙare ba. Haske ba ya shiga jiki da nisa, kuma hanyar ba ta isa ga sankarar da ta riga ta bazu. Wani nazari na Jami'ar Toronto a 2016 ya gano cewa a gwaje-gwajen dabbobi, kusan kashi 0.7 cikin 100 kacal na ƙwayoyin da aka ɗura ke isa ƙarin. Hanta da saifa ne ke kame yawancin sauran.