Injin yankan ciyawa na manyan filaye: Abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi

Daga watan Yuni zuwa Satumba ciyawa kan fi ƙarfin lauje a kudancin Jihar Katsina. Yankin Funtua da Malumfashi, har zuwa Gozaki ta Ƙaramar Hukumar Kafur, yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, fiye da abin da arewacin jihar ke samu, ƙasarsa kuma mai ƙarfi ce wadda ta yi suna wajen masara da auduga. Ruwan da ke raya amfanin gona shi ne ke rufe filayen makarantun kwana, harabar asibitoci, sakatariyoyi, filayen ƙwallo da lambunan mangwaro da ciyawa cikin mako biyu. Ciyawar da aka bari ta yi tsayi maɓoyar macizai da sauro ce da damina, makamashin gobara ce kuma idan hunturu ya kama.

Wannan ne ya sa shugabannin makarantu, jami'an sayen kaya da 'yan kasuwa masu manyan gidaje suka soma tambaya game da injin da ake hawa a yanka ciyawa, musamman nau'in da dillalai ke kira ziro-tan. Injin yana da tsada, daga waje ake shigo da shi, kuma an ƙera shi ne domin filayen da suka bambanta da namu. Ɗorewarsa a nan ta dogara ga yanayin filin, ingancin wasu sassa huɗu, da samun kayan gyara a kusa.

Mene ne ziro-tan?

Injin yankan ciyawa na farko wani Bature ne mai suna Edwin Budding ya ƙirƙira shi a Ingila a 1830. Nau'in ziro-tan mai sanduna biyu ya fito a 1964 daga garin Hesston na Jihar Kansas a Amurka, da sunan Hustler. Sunan yana nufin injin na iya juyawa a inda yake tsaye, ba sai ya zagaya ba. Yawancinsu ba su da sitiyari. Kowace tayar baya tana da famfon mai nata da ke tuƙa ta, direba kuma yana sarrafa su da sanduna biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan ya tura ɗaya gaba ya ja ɗayar baya, injin sai ya juya a wuri ɗaya. Tayoyin gaba ƙanana ne masu bin inda aka nufa, irin na keken asibiti.

Amfaninsa sauri ne. Injin mai faɗin yanka inci 54, wato mita 1.37, idan yana tafiyar kilomita 8 a awa, zai rufe kusan hekta 1.1 a lissafi. Idan an cire lokacin juyi da maimaita layi, sai ya koma kamar hekta 0.9. Filin ƙwallo mai mita 105 da 68 bai wuce hekta 0.7 da ɗan kai ba, saboda haka ƙasa da awa ɗaya ya isa. Ƙaramin injin da ake turawa da hannu, mai faɗin inci 21, zai ci kusan awa huɗu a kan filin nan.

Filin ne ke zaɓar inji

Kafin a je wurin dillali, a fara zagaya filin da ƙafa. An ƙera ziro-tan domin shimfiɗaɗɗen fili mai gajeruwar ciyawa irin ƙiri-ƙiri, wadda ake yanka duk mako ko kwana goma, tsayin yankansa kuma tsakanin santimita 4 ne zuwa 12. Filaye da yawa a yankin Funtua da Malumfashi tsofaffin gonaki ne da aka mayar harabar makaranta ko ofis. Ragowar kunya tana nan a ƙarƙashin ciyawa, ga kututturan sabara da kalgo, ga suri, ga marmara da tsakuwa da ruwa ya tono. Wuƙar da ke juyawa sau dubbai a minti idan ta daki kututture, sandar da ke riƙe da ita ce ke lanƙwashewa, bel kuma ya tsinke.

Nau'in ciyawar ma abin lura ne. Gamba da kyasuwa da tofa idan suka kai gwiwa ko ƙugu sun fi ƙarfin wannan inji, haka nan tafasa idan kararta ta ƙosa. Irin wannan fili aikin silasha ne, wato babbar wuƙar da ake ɗaura wa tarakta a baya, wadda ke karɓar ƙarfi daga sandar tarakta mai juyi 540 a minti. Taraktoci irin Massey Ferguson sun daɗe a wannan yanki, bakanikansu da kayan gyaransu suna nan, kuma ana samun hayarsu. Gefen katanga, magudanar ruwa da gindin itatuwa kuwa aikin injin kafaɗa ne mai doguwar sanda.

Sai gangare. Kamfanonin da ke ƙera ziro-tan suna gargaɗin kada a hau da shi gangaren da ya wuce digiri 15, wato inda ƙasa ke tashi kamar mita ɗaya a kowace mita huɗu. Tunda tayoyin baya ne ke tuƙi kuma su ne ke tsayar da injin, idan suka zame a jiƙaƙƙiyar ciyawa direba ba shi da abin yi. Filin da ke gindin dutse, bakin dam ko fadama mai laka bai dace da shi ba.

A taƙaice, idan filin bai kai rabin hekta ba, injin turawa ya isa. Idan ya kai hekta ɗaya zuwa biyar, shimfiɗaɗɗe ne, ana kuma son ya riƙa zama a gyare, ziro-tan zai biya kuɗinsa. Idan daji ne da ake sharewa sau biyu ko uku a damina, hayar tarakta da silasha ta fi sauƙi.

Kaskon wuƙaƙe

Kaskon ƙarfen da ke rufe wuƙaƙe shi ne ke shan dukan tsakuwa da danshi. Iri biyu ne. Akwai wanda aka matse daga falle ɗaya na ƙarfe, wanda ke da gefuna masu santsi kuma ya fi sirantaka. Akwai wanda aka yanka ƙarfe mai kauri aka haɗa da walda, ana ganin layin waldar a jikinsa. Ana auna kaurin da geji, kuma ƙaramar lamba ita ce ƙarfe mai kauri: geji 13 kamar milimita 2.3 ne, geji 10 kamar milimita 3.4, geji 7 kuma kamar milimita 4.5. A filayenmu geji 10 ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa. Kaskon walda yana da wata fa'ida: idan ya tsage, mai walda a Funtua ko Malumfashi zai iya ɗinke shi.

A duba gidan sandar da ke riƙe wuƙa. Na zubin ƙarfe ya fi na alminiyam jure duka, wanda ke da bakin zuba giris kuma ya fi daɗewa inda ƙura da ruwa suke. Kada faɗi ya ruɗi mai saye. Kasko mai inci 60 ko 72 yana saurin gama aiki a filin da ya daidaita, amma inda akwai tudu da kwari yana aske ƙasa a wani wuri ya bar ciyawa a wani. Inci 48 zuwa 54 ya fi dacewa da yawancin harabobi, kuma a auna faɗin ƙofar da injin zai shiga.

Giya

Nan ne injin mai araha ke nuna halinsa. Kamfanoni da dama ba su ƙera giyarsu da kansu, suna saye ne daga irin su Hydro-Gear da Tuff Torq. Giyar Hydro-Gear da ake kira EZT, wadda ke kan injinan gida masu sauƙin kuɗi, a rufe take, ba a tanadi canza mata mai ba; idan ta gaji sai dai a sauya ta gaba ɗaya. Daga lamba ZT-2800 zuwa ZT-3100 da ZT-3400 ana canza mai da filta. Zafi shi ne abokin gabar man giya, kuma ba a rasa shi a nan. Duk wanda zai yi aiki awa uku ko huɗu a jere ya nemi giyar da ake yi wa sabis, ya kuma karanta lambar a jikinta da idonsa.

Inji da matatar iska

Injinan da suka fi yawa su ne Kawasaki, Kohler da Briggs & Stratton. A jerin Kawasaki, FR na amfanin gida ne, FS matsakaici, FX na masu sana'a. Ga kasko mai inci 48 zuwa 54, ƙarfin doki 22 zuwa 25 ya wadatar. Abin da ya fi yawan doki muhimmanci shi ne matatar iska. Ƙura da ɓurɓushin busasshiyar ciyawa idan suka shiga silinda suna cinye zobe, injin ya fara hayaƙi da shan baƙin mai. Matata mai hawa biyu, wadda ke cikin gwangwani a saman injin, ta fi 'yar ƙaramar takarda da ke kan injinan gida nesa ba kusa ba.

Irin wannan inji yana shan fetur kimanin lita 4 zuwa 6 a awa. Tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan adadi ya zama abin da dole a sa a kasafi. Akwai masu amfani da man gas, kamar wasu na Kubota, waɗanda suka fi tsimi da daɗewa, sai dai kuɗin sayensu ya fi yawa sosai.

Taya da kariyar direba

Tsidau da ƙayar bagaruwa suna huda taya, musamman ƙananan na gaba. Akwai tayoyin gaba marasa iska da ake iya sawa. Babban inji ya zo da ƙarfen kariya da ke bisa kan direba tare da bel ɗin kujera, kuma maɓallin da ke kashe wuƙaƙe idan direba ya tashi ya kasance yana aiki. Wasu bakanike kan cire shi idan ya dame su. Kada a yarda. A makaranta, a yi yanka lokacin da ɗalibai ba sa filin, domin wuƙa na iya harba tsakuwa nesa.

Kayan gyara da na hannu

Toro, Husqvarna, John Deere, Cub Cadet, Scag da Hustler duk sanannun sunaye ne, amma suna ba ya gyara inji. A tambayi dillali ya nuna bel, wuƙaƙe, filta da boris a shagonsa, ya faɗi wanda zai yi gyara da inda yake. Filogi, batir da wasu boris ana samunsu a kasuwannin Kano da Kaduna, amma bel ɗin kasko da wuƙa na kowane samfuri daban ne. Hikima ita ce a sayi wuƙaƙe saiti biyu, bel biyu da filtar shekara guda tare da injin. Inji da ya tsaya a watan Agusta yana jiran kaya daga Legas ko ƙetare ya rasa damina.

Mai sayen na hannu ya duba agogon da ke ƙirga awoyin aiki, ya leƙa ƙarƙashin kasko domin tsatsa, ya girgiza kowace wuƙa ya ji ko tana wasa. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne a tuƙa injin rabin awa har giya ta yi zafi. Giyar da ta gaji takan yi kyau da sanyi, ta rasa ƙarfi ko ta riƙa jan gefe ɗaya bayan ta ɗumama. Ga ma'aikatu, a rubuta geji, lambar giya, samfurin inji, kayan gyara da horar da direba a cikin takardar kwangila. Takardar da ta ce "injin yankan ciyawa" kawai ta ba ɗan kwangila damar kawo mafi araha.

Watannin rani

Fili mai hekta uku da ake yanka sau 20 a damina bai wuce aikin awa 70 ba. Ma'ana injin zai kwana wata shida ko bakwai a ajiye, kuma a wannan zaman ne injina da yawa ke mutuwa. Fetur ɗin da ya daɗe yana toshe kafireta, batir ya sauka, ɓeraye su ci waya, ciyawar da ta manne a kasko ta jawo tsatsa. Idan damina ta ƙare a ƙona ragowar man da ke ciki, a canza baƙin mai, a kankare kasko, a cire batir, a ajiye injin a inuwa. Lokacin aiki kuwa ana canza baƙin mai bayan awa 50 zuwa 100 gwargwadon littafin injin, ana wasa wuƙa, kuma ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa a lokaci guda. Ƙarancin awoyin ya nuna inji ɗaya zai iya hidimar makarantu biyu ko uku, ko ya zama sana'ar haya ga ɗan kasuwa.

Ciyawa ma dukiya ce

Ziro-tan yana niƙa ciyawa ƙanana ya watsa ta a ƙasa, ba ta tattaruwa. A yankin da ake kiwon shanu da tumaki, ciyawar da aka yanka da lauje aka shanya abinci ce mai kuɗi da rani, gamba kuma ana saƙa zana da ita. Makaranta ko ma'aikata mai fili hekta goma za ta iya ware filin wasa da gaban gine-gine ga inji, ta bar sauran ga masu yankan ciyawa su kwashe kafin ta bushe. Hakan na rage aikin injin, ya rage kuɗin mai, kuma sau da yawa yana nuna cewa inji mai inci 48 ya ishi wurin da aka yi niyyar saya wa mai inci 72.