Masallacin Yama da Hannun Falke Barmu

A shekarar 1962 dattawan Yama, wani gari a ƙasar Badagishiri cikin jihar Tawa, suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga wani ɗan garinsu manomi kuma magini, Falke Barmu. Abin da ya fara tayarwa bai wuce wanda ake gani a kowane ƙauye tsakanin Cadakori da Madawa ba: ɗaki mai kusurwa huɗu na tubali, ginshiƙai a jere, rufin itace da ƙasa, sai alƙibla da ta ɗan turo waje. Gayya aka yi. Wani ya buga tubali, wani ya kawo ruwa ko itace, mai hali ya ba da hatsi. Da a nan aka tsaya, da babu wanda zai ji sunan Yama a bayan Ƙonni. Sai a 1975 rufin ya nemi gyara, kuma a nan ne mutanen gari suka yi abin da ba kasafai jama'a ke yi ba, suka sakar wa gwani mara. Maimakon ya mayar da rufin yadda yake, sai ya ɗaure sanduna dami-dami ya lanƙwasa, ya lulluɓe su da ƙasa suka zama bakan gizo, ya cire ginshiƙi ɗaya a tsakiya ya ɗora ƙubba. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 aka ba masallacin kyautar Aga Khan ta gine-gine.

A ganina wannan amana da gari ya ba mutum ɗaya ita ce ta yi masallacin, kuma ba a Yama kaɗai ake samun irinta ba. A garin Vence na kudancin Faransa akwai wata ƙaramar majami'a ta mata masu zaman zuhudu, wadda mai zane Henri Matisse ya tsara tun daga tagogi har rigunan limamanta, aka buɗe ta a 1951. Wata da ta taɓa jinyarsa, Monique Bourgeois, ita ce sanadi bayan ta shiga zuhudu. Launi uku kawai ya sa a gilashin, rawaya da kore da shuɗi, bangon kuma farin tayil da baƙin zane. Can sai da aka yi gunaguni kafin a bar Matisse ya yi yadda ya ga dama.

Za a iya cewa idan sunan gwani ya yi ƙarfi a wurin ibada, baƙi sukan zo kallo, ibadar ta koma baya. A Vence akwai ƙamshin gaskiya a zancen, don Matisse ake zuwa gani, har da kuɗin shiga. Amma Falke Barmu bai zana siffar kowa ba, adonsa a jikin ginin yake, kuma ƙubbar da baƙo ke ɗaga kai yana kallo ita ce dai rufin da ke kare masu sallah daga ruwa. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, kuma ba a ji sunansa ya rage sahu ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ƙasa da siminti. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, samarin da za su yi kuwa suna ci-rani, shi ya sa gari da yawa da ya samu mai taimako yake rushe tsohon masallaci ya kafa na bulo da kwano. Wahalar gaskiya ce, ba a musunta. Sai dai wanda ya yi sallar Juma'a ƙarƙashin kwano a watan Afirilu ya san abin da aka saya, kuma ruɓewar rufin nan da ake gudu ita ce ta haifi ƙubbar Yama. A Dandaji, duk a jihar Tawa, masu tsara gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun bi wata hanyar: a 2018 suka kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu.