Ganga cikin na'ura: yadda wasannin bidiyo na kiɗa sunka taso daga ɗan gwaji

A shirin daren Asabar da ta wuce wani matashi ya bugo waya daga Zinder da tambaya. Ya ce ya ga wani bidiyo a salula, wata yarinya a ƙasar Japon tana dukan ƙatuwar ganga da sanduna biyu gaban allo, maki na ta hawa. Wai shin wasa ne na gaskiya ko haɗi ne? Lokaci ya ƙure mana, na yi alkawalin zan rubuto amsa a nan. To ga ta.

Wasa ne na gaskiya, sunanshi Taiko no Tatsujin, kuma yana da dangi da yawa. Mu nan in an ce wasan bidiyo, ƙwallo ke zo mana a rai, yara sun jeru kan benci gaban tele suna ƙwacen manet. Waɗannan kuwa wani iri ne daban. Waƙa na tafiya, alamu na gudu bisa allo, kai kuma aikinka ka buga daidai lokacin da alamar ta iso wurin da anka shata mata. Ka riga ta, ka faɗi. Ka makara, ka faɗi. Abin da na lura da shi cikin tarihinsu shi ne, tambaya guda ce masu ƙira sunka yi ta kokawa da ita tun daga samfurin gwaji na farko: shin hannun mutum zai yarda cewa ganga yake bugawa?

Mu fara da gidajen wasa na Japon, irin waɗanda ake jefa kuɗin ƙarfe cikin na'ura a yi wasa. Kamfanin Konami ya fito da beatmania a ƙarshen 1997, sai wasan rawa na Dance Dance Revolution a 1998. A 1999 ya kawo GuitarFreaks na gita, da kuma DrumMania na ganguna. DrumMania ya kwaikwayi jerin gangunan ƴan okestra, wanda muke ce ma batiri: wuraren bugu biyar na roba da feda guda ta ƙafa, kayan kuma daga kamfanin Yamaha mai ƙera gangunan lantarki na gaske. Har ana haɗa na'urar gita da ta ganga, abokai su buga waƙa guda tare. A Amurka ma wani mai ƙirƙira, John Devecka, ya yi tashi na'urar, MTV Drumscape, tun 1997, sai dai ba ta yi tashe kamar ta Japon ba.

Su waɗannan kamfanoni suna da wata al'ada da ta burge ni. Kafin a ƙera na'ura da yawa, sai a ɗauki samfuri guda da bai gama kammala ba a ajiye shi a wani gidan wasa na ƴan kwanaki. Ma'aikata su tsaya gefe suna kallo: wa ya tsaya, wa ya wuce, wa ya sake jefa kuɗi, wace waƙa ce ta gagari mutane. Kamar mai tuwo ce da ke ba maƙwabta ɗanɗanon miya kafin ta fita da tukunya kasuwa. Daga nan a koma a gyara.

DrumMania yana da wuya ga baƙo, don hannu biyu da ƙafa kowa da nashi aiki. Kamfanin Namco sai ya bi wata hanya. A farkon 2001 ya fito da Taiko no Tatsujin, wanda ya ɗauko gangar gargajiyar Japon, taiko, wadda ake bugawa a bukukuwa da wuraren ibada. Bugu iri biyu ne tak. Jar alama, ka daki tsakiyar fata, ana ce ma wannan "don". Shuɗiya, ka daki bakin ganga, shi ne "ka". Sunayen nan ba kamfani ya ƙago su ba. Makaɗan taiko sun daɗe suna koyar da almajiransu da baki, a faɗi kiɗan kafin a buga shi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai kalangu yana koya ma yaronshi ba zai yi mamakin wannan ba. Sauƙin nan ne ya sa yara da iyaye da tsofaffi sunka shiga. A 2002 wasan ya shigo gidaje bisa PlayStation 2, da ƴar ƙaramar gangarshi ta roba mai suna TaTaCon.

Nintendo ma ya shigo. A watan Disamba na 2003 anka fitar da Donkey Konga bisa GameCube, Namco ne ya yi aikin. Manet ɗin ƴan tagwayen ganguna ne, da ƙaramin makirho tsakaninsu mai jin tafi. Wata ƙungiya ta Nintendo a Tokyo ta ɗauki gangunan nan ta yi Donkey Kong Jungle Beat a 2004, inda bugun dama ke tura goggon biri dama, bugun hagu ya tura shi hagu. Ita ce ƙungiyar da daga baya ta yi Super Mario Galaxy.

Amma labarin da ya fi kama ni ƙarami ne ƙwarai. Wajen 2002 wani mai tsara manhaja a Nintendo, Kazuyoshi Osawa, ya yi ɗan gwaji bisa Game Boy Advance, na'urar nan ta hannu da ke shiga aljihu. Ba labari, ba jarumi. Ganguna ne kawai, kowane maɓalli da nashi ƙara: ka danna wannan ka ji babbar ganga, ka danna wancan ka ji faifan ƙarfe. Aikin ya ɗauki suna na wucin gadi, Rhythm IQ. A 2004 sai ga Tsunku, mawaƙi kuma mai shirya waƙoƙin ƙungiyar Morning Musume, ya zo ma Nintendo da tashi shawara. Shi yana son wasan da kunne zai jagoranta, ba ido ba. A ganinshi mai bin alamu da ido karatu yake yi, bai shiga cikin kiɗan ba. Har ya ba ma'aikatan shawara su je su koyi rawa, sunka kuwa je. Ku duba fa, masu zama gaban kwamfuta yini guda, an tura su taka rawa don jikinsu ya san abin da za su rubuta.

Gwajin Osawa da tunanin Tsunku sunka haɗu, anka samu Rhythm Tengoku a watan Agusta na 2006. A ciki akwai ƙananan wasanni da yawa, inda wani sa'in da gangan ake rufe maka abin da kake kallo, dole ka dogara da kunne. Gangunan gwajin farko ma ba a yar da su ba, suna nan cikin wasan a matsayin darussan ganga. Wasan ya haifi jerin da Amurka ta sani da Rhythm Heaven, Turai kuma Rhythm Paradise.

Can Amurka, kamfanin Harmonix, wanda Alex Rigopulos da Eran Egozy sunka kafa a 1995 bayan karatunsu a jami'ar MIT, ya sha faɗuwa kafin ya tashi. Manhajarsu ta farko, The Axe, ba ta samu kasuwa ba. Guitar Hero na 2005 ne ya fid da su. A 2006 MTV ta saye su kan dalar Amurka miliyan 175, a watan Nuwamba na 2007 kuma sunka fitar da Rock Band: gita, makirho, da ganguna masu wurin bugu huɗu da feda. Gitar roba ba ta koya ma kowa gita, maɓallai ne kawai. Ganga kuwa, a matakin ƙarshe na wuya, hannu da ƙafa suna yin kusan abin da makaɗin gaske ke yi. Shi ya sa fedar ta riƙa karyewa a hannun masu saye, roba ce anka taka da ƙarfin gaske.

Akwai wata matsala da mu ƴan rediyo munka sani sarai. In mai saurare ya bugo waya bai rage muryar rediyonshi ba, sai ya ji muryarshi na dawowa a makare, nan take magana ta rikice mishi. Haka ganga take. Sabbin telen zamani masu faɗi suna ɗan jinkirta hoto kafin su nuna shi, jinkirin da ido bai gani amma hannun makaɗi na ji. Dole Rock Band ya sa wurin daidaita lokaci, kowa ya gwada telenshi kafin ya fara.

Da kuɗi sunka shigo, rigima ta biyo. Activision ya saye takardun mallakar ƙirƙirar Devecka, ya sa ganguna cikin Guitar Hero World Tour a 2008. A shekarar nan Konami ya kai Harmonix kotu kan zargin taɓa nashi takardun, sai a 2010 anka sasanta. Kasuwa ta cika da kayan roba har mutane sunka gaji, a farkon 2011 Activision ya dakatar da Guitar Hero. Taiko no Tatsujin kuwa, mai bugu biyu tak, yana nan har yau a gidajen wasa, bisa Nintendo Switch, da cikin salula.

To ɗan'uwana na Zinder, ka ji amsarka. Na san cikin masu saurarenmu akwai samari da ƴan mata masu koyon tsara manhaja, a jami'a ko a ɗaki da tsohuwar kwamfuta, kuran na zuwa yana tafiya. Ku tuna Osawa ya fara ne da maɓallai ƴan kaɗan da ƙarar ganga. In wani cikinku ya gwada sa kalangu ko ganga ko duma cikin salula, kada ya jira sai ya yi kyau. Ya miƙa ma makaɗi na gaske ya taɓa, ya kalli fuskarshi. Ya kuma turo mana, mu sa shi a shiri jama'a su ji.

Sai mun haɗu ranar Asabar, a lokacin da munka saba.